Ya Zauna Musu

Kaltumi Hamadu shekarunta sittin da uku. Tana zaune a unguwar Yelwa ta Garwa, a gidan da mijinta, marigayi Malam Isa tela, ya bar mata. Shekara talatin da biyu ta yi tana aiki a kamfanin da ke yin dunƙulen miya mai suna Mai Ɗorawa, kuma aikinta ɗanɗano ne. Ba ta yi makarantar boko ba, Faransancinta bai wuce na gaisuwa da ciniki ba. Duk da haka, har zuwa watan jiya, babu kwalin da ke fita daga ɗakin dahuwa na unguwar Jambutu sai ta sa a baki ta amince.

Yadda take yi ba shi da wuya a faɗa. Tana zuwa da safe ba ta ci komai ba. A narka mata dunƙule ɗaya a ruwan zafi cikin ƙaramin kofin tangaram, ta kurɓa, ta riƙe a baki, ta rufe ido. Ma'aikata su tsaya suna jira. In ya yi, sai ta ce, "Ya zauna." In bai yi ba, ta ce, "Bai zauna ba," a mai da tukunyar gaba ɗaya. Saboda wannan aiki ta daina cin goro tun tana da shekara talatin da ɗaya, ko a wurin suna sai dai ta karɓa ta ba na kusa da ita.

A wurin wani suna ne kuwa aka gano ta, a 1985. Alhaji Tanimu, wanda kakansa ya zo daga Kano da fataucin kanwa, ya ci tuwo da miyar kuka ya tambayi wadda ta yi miyar. A lokacin ya sayi tsohon injin matse dunƙule, yana neman wanda zai haɗa masa dunƙulen da ke da daddawa ta gaske a ciki, don waɗanda ake kawowa daga Duwala gishiri ne kawai da launi a ganinsa. Ya aika wa Malam Isa, aka yi magana, Kaltumi ta fara aiki da tukwane biyu da mata huɗu.

Daddawar daga Pitoa take zuwa, tafiyar rabin awa a mota. Matan ƙabilar Fali ne ke yin ta, su kusan arba'in, kuma wata mai suna Berthe ce ke tara ta. Su ke tsinko ɗorawa a bazara, su fitar da kalwa, su dafa ta yini guda, su surfe, su wanke, su rufe ta kwana uku har ta ruɓa yadda ake so. Kowace Lahadi bayan an tashi daga coci Berthe takan jira a kasuwa da buhuna, Kaltumi ta zo ta shinshina ɗaya bayan ɗaya.

"Faɗa muka fara da shi," in ji Berthe. "Ta ce daddawata kwana biyu ta yi, ba uku ba. Na ce ke hancin kare ne da ke? Kuma gaskiyarta, kwana biyu ne."

Kamfanin yana da shekara biyu aka shiga matsin tattalin arziki. Farashin auduga ya faɗi, albashin ma'aikatan gwamnati ya riƙa makara, matan Garwa suka koma sayen daddawa tsagwaronta su daka da kansu. A lokacin Mai Ɗorawa bai ma kai Marwa ba. Abokan Alhaji na kasuwa suka ba shi shawara ya haƙura, ya fara kama Marwa da Ngaundere tukuna. Bai bi shawarar ba. Ya ce shi jikan fatake ne, in kasuwar gida ta mutu ba ya zama a gindinta. A 1988 ya tura mota ɗaya Yola. Kayan suka ƙare cikin mako, don miyar Yola da ta Garwa ɗaya ce. Mundu da Injamena ma haka. Kafin kamfanin ya cika ma'aikata talatin, yana sayarwa a ƙasa uku.

A 1991 aka kai kaya birnin Bangi, sai aka dawo da kwalayen.

Alhaji ya ɗauki Kaltumi da magatakardansa, Célestin, ɗan ƙabilar Gidar, suka yi kwana huɗu a hanya. Wannan ce tafiyarta ta farko zuwa wata ƙasa. A kasuwar Kilomita Biyar suka sami matar da ke raba kayan, Madam Albertine, mai babban kanti. Célestin ne ya yi tafinta, kuma har yau yana tuna maganar.

"Ta ce, 'To, ku ne masu mushen?' Na juya na ce wa Alhaji tana yi mana barka da zuwa. Sai ta ɗebo sukari ta miƙa wa Dada Kaltumi, ta ce ta shinshina. A nan tafintata ta ƙare."

Warin daddawa ya shiga sukari, ya shiga ganyen shayi, har da sabulu. A Garwa kowane mai kanti ya san a waje ake rataye irin wannan kaya. A Bangi a kan kanta ɗaya aka jera su, masu saye suka riƙa mai da sukarin.

Kaltumi ta ce ranar ba ta iya cin abinci ba. Washegari Alhaji ya kira ta.

"Kaltumi, za ki iya yi mana wanda ba ya wari?"

"Alhaji, daddawar da ba ta wari ai ba daddawa ba ce."

"Na sani. Tambayarki na yi ko za ki iya."

Kwana tara ta yi a madafar gidan da aka sauke su. Ta bi matan unguwa ta ga yadda suke miyar ganyensu da gyaɗa. Ta rage daddawa zuwa kashi ɗaya cikin huɗu, ta soya ta sosai har warin ya kwanta, ta ƙara soyayyar albasa da garin busasshen kifi. Rana ta tara Madam Albertine ta ɗanɗana, ta nemi ƙari. Alhaji ya dubi Kaltumi, ita ma ta kurɓa, ta rufe ido.

"Ya zauna?"

Ta buɗe ido. Sannan ta ce, "Ya zauna musu."

Abin da take nufi a fili yake ga duk mai jin Hausa. Ya yi wa mutanen Bangi, ita bai yi mata ba, kuma ba za ta zuba shi a tukunyarta ba. Alhaji ya gane, har ya yi dariya. Sai dai Madam Albertine na buƙatar takarda da za ta nuna cewa kamfani ya amince da sabon haɗin. Célestin ya fito da fom na Faransanci.

"Gida biyu ne a fom ɗin," in ji shi. "Ya yi, ko bai yi ba. Ina zan sa kalmar 'musu'? Na sa alama a na farko, na rubuta haɗin a ƙasa, Dada ta dangwala yatsa. Wallahi ko minti biyu ba mu yi a kai ba. Mota na jiranmu."

Daga nan kamfanin ya zama yana da dunƙule iri biyu. Ma'aikata suna ce musu na gida da na waje. Takardar naɗinsu ɗaya ce, da hoton bishiyar ɗorawa, sai dai na waje yana da jan layi a gefe.

Na waje ya yi tafiya. Daga Bangi ya bi kogi zuwa Brazabil, daga can Kinshasa, sannan Libarbil. Bayan karyewar darajar kuɗin sefa a 1994, dunƙulen Turai ya yi tsada, Mai Ɗorawa ya shiga kantunan da a da ba sa kallonsa. A 1998 aka gina masana'anta a Duwala kusa da tashar jiragen ruwa, don jigila daga Garwa ta yi nisa. Bayan shekara shida babban ofishi ma ya koma can.

Wanda ya bi tarihin kamfanin zai ga abin da Bangi ta koya masa. Duk sabuwar ƙasar da za a shiga, tambayar farko ita ce me zai sa a dawo da kaya. Aka riƙa cire duk abin da wani zai iya ƙi. A Libarbil aka ce launin ya yi duhu, aka rage daddawa. A Kinshasa aka ce yana narkewa a damina, aka sake ragewa. Zuwa 2005 babu ko ƙwayar kalwa a cikin na waje, sai wani gari da ake sayowa daga ƙetare. Ba a kira Kaltumi ko sau ɗaya ta ɗanɗana ba, don a Duwala akwai ɗakin gwaji da mutane masu farar riga. Manyan kamfanin kuwa kusan dukansu a rassan waje suka koyi aiki. Hasan, babban ɗan Alhaji, yana da shekara goma sha tara aka tura shi reshen Bangi, ya yi shekara goma sha biyu a can. In yana ba baƙi labarin kamfanin, daga Kilomita Biyar yake farawa.

Ɗakin Jambutu ya ci gaba da yin na gida domin Garwa da ƙauyukanta, da Yola. Alhaji bai taɓa komawa Duwala da zama ba. Kowace Alhamis yakan zo a ba shi kofinsa bayan Kaltumi ta yanke hukunci. Ya rasu a 2011.

A 2013 faɗa ya ɓarke a Bangi, aka ƙone ma'ajiyar kamfanin. Shekara mai zuwa aka rufe kan iyaka da Najeriya saboda hare-hare, motar Yola ta tsaya. Kaltumi ta yi wa mutanen da abin ya shafa jaje, amma ba ta ɓoye cewa a ranta ta sa rai ba.

"Na ce yanzu za su tuna da gida. Na ce wa Berthe su ƙara tara kalwa, bana sai mun yi tukunya shida."

Kamfanin da ya saba fita tun yana ɗan shekara uku bai juyo gida ba. Da ƙofa biyu suka rufe sai ya nemi waɗanda suka fi nisa, Abijan da Luwanda. Domin a iya yin haka, aka yanke shawarar tattara komai a Duwala, a yi dunƙule iri ɗaya wa kowa.

A watan Maris na bana Hasan ya zo Garwa da kansa, tare da shugabar ɗakin gwaji, Madam Élisabeth. Ya sami Kaltumi a Jambutu, ya durƙusa ya gaishe ta da Fulatanci da Hausa, ya tambayi ƙafarta da ke ciwo. Ita ta goya shi yana ƙarami, don haka ba ta ce masa patron, wato maigida, sai in ranta ya ɓaci.

"Dada, za mu rufe nan. Garwa za ta riƙa samun kaya daga Duwala. Ke kuma fanshonki na nan, har da ƙari."

"Wane kaya?"

"Mai Ɗorawa mana."

"Mai jan layi?"

"Za mu cire layin. Guda ɗaya ne yanzu."

"Patron, wannan abin ba na bakinmu ba ne. Babanka bai taɓa sa shi a miyarsa ba."

Hasan ya buɗe jaka ya fito da tsohuwar takarda a cikin leda. A ofishin Duwala a bango take, cikin gilashi, ana nuna wa baƙi ita a matsayin mafarin girman kamfanin. Ya ce ya kawo ta ne don ta ga irin darajar da ake ba ta.

"Dada, ke kika haɗa shi. Ga yatsanki. Ke kika ce ya zauna."

Ta karɓa ta duba. Ba ta iya karanta ko kalma ɗaya ba, amma ta gane yatsan.

"Musu na ce."

"Na'am?"

"Cewa na yi ya zauna musu. A kira Célestin."

Célestin ya yi ritaya, yana kiwon aladu a bayan gari. Aka tura mota. Ya zo da takalmin gona, ya saurara, ya cire hula.

"Haka ta ce, patron. Ni ne ban rubuta ba. Babu wurin rubutawa."

Waɗanda suke wurin sun ce abin ya taɓa Hasan. Ya ce ya yarda da ita, kuma da ya sani da bai kawo takardar ba. Amma ya ce wanda ta haɗa a Bangi shi ke ciyar da ma'aikata dubu da ɗari biyu a ƙasa tara, ɗakin Jambutu kuwa mutum goma sha huɗu ne.

Kaltumi ta nemi abu ɗaya. Ta ce a kira matan Garwa goma daga kasuwa, a yi miya tukunya biyu, kada a faɗa musu wanne ne wanne. In suka zaɓi na gida, a bar mata tukunya ko da ɗaya ce. Madam Élisabeth ta ce wannan gwaji ne mai kyau, ita ma haka take yi. Hasan ya amince.

Kaltumi ce ta yi miyar da hannunta, kuka ce, kuma ta ce ba ta yi wa ɗaya rowa ba. Aka kira mata goma daga layin masu kayan miya da masu sayar da abinci. Suka ci, suna hira, suna tsokanar juna. Huɗu suka nuna tukunyar na gida, duka sun haura hamsin. Shida suka nuna ɗayar. Wata mai sayar da shinkafa a tasha, wadda ba ta san wace ce Kaltumi ba, ta ƙara da bayani.

"Wancan irin na kakata ne, yana da daɗi, amma yara ba sa ci. Sai su ce miya ta lalace."

Tun shekaru ƙananan 'yan kasuwa ke sayo na waje daga Duwala suna kawowa Garwa, don ya fi araha kuma ba ya ɓata sukari. Kaltumi ta san da haka. Abin da ba ta sani ba shi ne yawan gidajen da ya shiga.

Madam Élisabeth ta ce ta ga Kaltumi ta je ta ɗanɗana tukwanen biyu ita kaɗai bayan matan sun tafi, ta wanke ludayin, ta rataye shi a inda yake. Ba ta sake yi wa Hasan gardama ba. Da ya ce ofis zai aika wa matan Pitoa wasiƙa, nan ne kawai ta ɗaga murya.

"Wasiƙa? Da wane yare? Shekara talatin suna kwana da hayaƙi saboda ku. Ni zan je."

An rufe ɗakin Jambutu ranar ƙarshe ta Maris. Sati biyu Kaltumi ta yi tana ɗaga tafiyar, tana cewa ƙafarta. Afrilu kuwa lokacin ɗorawa ne, kuma ta san kowace rana da ta wuce matan suna ƙara tara kalwa, a kan maganar da ita ta yi musu.

Lahadin da ta wuce ta shiga mota ta tafi. Berthe na zaune a inda ta saba, gindin wata bishiyar bedi kusa da masu tukwane, da kayan coci a jikinta. Ita ma ta tsufa, gashinta ya yi fari.

"A'a! Mai hancin kare! Mun ce ko kin yi sabon miji ne kika manta da mu."

"Wa zai ɗauke ni, Berthe? Sai dai ki ba ni naki."

"Ɗauki, har da sandarsa. Zo ki shinshina wannan. In kika ce kwana biyu ne, yau sai mun daku."

Kaltumi ta tsuguna ta buɗe buhun, ta ɗebo, ta kai hanci. Ta ce kwana uku ne cif, kuma ta daɗe ba ta ga mai kyau irinta ba. Sannan ta mai da, ta ɗaure bakin buhun da kanta.

"Berthe, ba za a ɗauka ba."

"Yau? Motar ce ta lalace?"

"Ba yau kaɗai ba. An rufe."

Berthe ta tambaye ta sau biyu. Kaltumi ta ba ta labarin duka, daga Bangi har tukwane biyun, ba ta rage nata laifin ba. Ta ce ita ta koya wa kamfanin yadda ake yin dunƙulen ba tare da daddawarsu ba. Berthe ta tambaya kawai, "To kalwar da ke cikin rumbu fa?" Kaltumi ta ce ba ta sani ba.

Mata ashirin da shida ne suka zo kasuwa ranar. Kaltumi ta ƙi yarda a tara su a yi sanarwa. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ta kira kowace da sunanta, ta faɗa mata. Wata ta zage ta. Wata ta ba ta ruwa. Da la'asar ta tambayi waɗanda ba su zo ba, aka ce su bakwai ne, a wani ƙauye a gindin dutse. Berthe ta ce a bari ita za ta faɗa musu gobe. Kaltumi ta ce a'a. Suka hau babura biyu suka tafi.

Gida na ƙarshe na wata mai suna Françoise ne, wadda mijinta ba ya gani. Sun same ta a bayan ɗaki da babbar tukunya a kan murhu, kalwa na tafasa tun safe. Ta saurari maganar tana tsaye da muciya a hannu, sannan ta ajiye muciyar ta shige ɗaki, ba ta fito ba. Wutar ta fara ja baya. Kalwar ba ta nuna ba tukuna, in aka bar ta haka asara ce.

Kaltumi ta cire mayafinta ta miƙa wa Berthe, ta ɗaure zani, ta jawo itace ta tura a murhun, ta ƙara ruwa a tukunyar.